Na Ɓoye Sunansa, Na Faɗi Ƙauyensu

A lokacin ni mai sharhin siyasa ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Nijar, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Da aka rufe shirin, na biyo mota zuwa Sabha ta ƙasar Libiya, na koma ɗaukar bulo kamar kowa. Amma baki ya riga ya saba. Duk Juma'a nakan yi sharhi a waya in tura wa mutane, ya yi ta zagawa har ƙauyukanmu.

Wata safiya a unguwar Jadid, inda muke tsayuwa jiran aikin yini, na ji wani magini ɗan yankinmu yana bayanin yadda magajin garinsu, wato shugaban ƙaramar hukumarsu, ya raba hatsin agaji ga 'yan jam'iyyarsa kaɗai. Ya san wanda ya samu, ya san wanda aka hana. Na roƙe shi in ɗauki muryarsa, ya ƙi, ya ce yana da iyaye a gida. Na yi ta lallashinsa har ya yarda, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Ban ambata ba. Sai dai a rediyo an koya mana ba a sakin murya babu asali, kada a ce ƙirƙira ce. Don haka na gabatar da shi a matsayin magini daga ƙauye kaza, ɗan babban gida. Ashe 'yan ƙauyen nan magini ɗaya gare su a Libiya, kuma mahaifinsa ne mai gari. Sharhin ya karɓu, na sha yabo. Bayan mako uku hukuma ta kira tsohon, aka kunna masa muryar ɗansa a gaban jama'a, aka karɓe rawanin da ya gada.

Na bi maginin har wata gonar dabino a garin Zighan, inda ya koma aiki, don in ba shi haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tsohon ya daina ɗaukar wayarsa, sannan ya tambaye ni mutum nawa suka saurara. Na san adadin sarai.

Na ji kunya, har yau ina ji. Ku masu ɗaukar muryar mutane, ku sani cire suna ba ya ɓoye ɗan ƙauye, kowa ya san muryarsa tun yana yaro. Kai za ka kashe waya ka wuce, wanda ya ba ka amana shi zai zauna da abin. Tsohon ya rasu bara, bai sake magana da ɗansa ba.