Maccido, Mai Hana Toka

Kafin rana ta yi zafi, Malam Maccido ya riga ya shiga ramin dagwalo na wata ƙaramar masana'antar jima da ke wajen Goronyo, shebur a hannu, tsumma a hanci. Duk ruwan da aka jiƙa fatu da sinadari, nan yake kwanciya ya bar laka mai warin da ko ungulu sai ta yi shawara. Shi zai kwashe ta ya shanya, ya cusa cikin durom, ya liƙe bakin da yumɓu, ya hura wuta a ƙasa. Ba ta cin wuta, gasuwa take har ta zama baƙin gari kamar gawayi.

To, nan rigimar take. Wuta takan kashe wari, amma ba ta kashe gubar jima. Tana nan cikin garin, luf. Mu kuwa mutanen fadama, in muka ga toka sai mu ga taki. Wa ya taɓa yafa irin albasa bai barbaɗa toka ba?

Haka mutane suka yi ta zuwa da buhu, yana mai da su. Aka sa masa suna Mai Hana Toka. Abin ya yi masa ciwo, don mutum ne da ko goro ɗaya gare shi sai ya raba. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne Uwaisu, ɗan ƙanwarsa Fatsuma, da ya zo daga Rimawa.

"Kawu, mi za ka yi da toka?" in ji Uwaisu. "Binne ta kakai, ni ko albasata na jira."

"Ɗana, wagga ba irin ta murhu ba ce. In ta shiga fadama, gulbin Rima za shi sha, ɗiyanka su sha."

Fatsuma ta ji labari ta daina gaishe shi. Uwaisu kuma ya faki ido ya ɗebi rabin buhu ya zuba a fangali guda, inda ya yafa irin albasarsa. Irin ya fito, ya yi rawaya, ya kwanta. Da Maccido ya ji, bai ce "ai na faɗa" ba. Amalanke ya ara ya tafi Rimawa. Maƙwabta sun gan shi durƙushe yana kankare ƙasar fangalin kafin a sako ruwan ban-ruwa ya kai ta gonakin jama'a. Uwaisu ya tsaya kunya ta hana shi motsi, sai kawun ya miƙa masa shebur.

Kai ne, Maccido, ka yarda a kira ka marowaci don kada mu ci guba. Baƙin hannu, farar zuciya. Mun zage ka, wallahi muna jin kunya.

Bana tari ya sa ya ajiye aiki. Aka tambaye shi me yake so a yi masa. Ya nuna tudun da yake binne tokar cikin rami mai daɓen yumɓu, nesa da ruwa, ya ce, "Kar kowa shi gina rijiya nan, ko bayan raina."

Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Masu irin wannan aiki, ku koyi cewa a'a ko ga naku. Tudun yanzu an kewaye shi da ƙaya. Uwaisu ne ya sara, Fatsuma ta ɗauko a ka.