Wankan Jego a Hawa na Shida

Haihuwata ta fari a Alƙahira na yi ta, ana tsakiyar sanyi, a wani bene mai hawa shida a unguwar Hayyin Ashir. Mu ne a can ƙololuwa, ba kowa a samanmu sai rufi da kejin tantabarun mai gidan. Da abubuwa sun tafi yadda aka saba, da tun cikina na wata bakwai an mayar da ni gaban Inna na haihu a ɗakinta. To fasfona yana ofishin iƙama, wato takardar izinin zama, wata da watanni, kullum Malam ya je sai a ce ya dawo. Malam shi ne mijina, a lokacin yana shekararsa ta ƙarshe a karatun shari'a. Da Inna ta ga ba zan zo ba, sai ta ce to wankan zai zo ya same ni. Dangi suka haɗa kuɗin jirgi aka turo Gwaggo, yayar babana.

Gwaggo ta sauka da jaka uku. Ɗaya ce kawai ta tufafinta. Sauran biyun kuwa busasshen ganyen runhu ne da darbejiya, da kanwa, da gero, da yajin jego. Ga kuma wata ƙatuwar tukunyar dalma da ta yi ta tafka rigima da ma'aikatan jirgi a kanta har suka gaji suka bar ta. Duk macen da ta haihu a danginmu ta bi ta hannunta, kuma ba a taɓa jin wadda ta tsallake ko yini ɗaya cikin arba'in ba. Abin da take taƙama da shi ke nan a duniya, shi da cewa ba ta ƙarya.

Ranar da ta iso ta leƙa kicin, ta leƙa banɗaki, sannan ta dubi Malam ta ce, "Yaro, a ina kuke hura itace?"

Ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ya ce, "Gwaggo, nan ai sai gas."

Gas ɗin kuwa a shekarar wahala yake, sai mutum ya yini a layi kafin ya samu tulu ɗaya, tukunyar Gwaggo kuma kwana uku take lashe shi. Sai Malam ya yi dabarar da ya yi ta da-na-sani a kanta daga baya: ya sayo hitar ruwa guda biyu, irin wadda ake tsomawa a bokiti. Gwaggo ta juya su ta jujjuya cikin raini, amma da ta ga ruwa yana tafarfasa ba hayaƙi ba toka, sai ta ce ashe Larabawa ma suna da hankali. Safe da yamma tukunya cike take tafasa, ita da bokiti biyu. Tagar banɗakin kuwa ta toshe ta da tsumma tam, don kada iska ta shiga jikin mai jego. In muka shiga ba ma ganin juna saboda tururi, sai dai ka ji ƙarar ganye a bayana da ihuna, da muryarta tana cewa, "Yi shiru, raguwa, uwarki ma haka na yi mata."

Ba zan ɓoye ba, ina kuka amma ina so. Da labarin matan da suka yi wasa da wanka aka rene ni, wadda ta kumbura, wadda bayanta bai ƙara miƙewa ba. Kuma a garin da ban da kowa, zafin ruwan nan ne kaɗai yake tuna mini cewa ni 'yar wasu ce.

Mitar wutar tana bakin ƙofarmu, irin tsohuwar nan mai faifai. Na lura Malam in ya dawo daga makaranta yakan tsaya ya zuba wa faifan ido yana gudu kafin ya yi sallama. A can, yawan shan wutarka, yawan tsadar da ake sayar maka da ita. Ranar da mai karɓar kuɗi ya kawo takarda, Malam ya karanta ya sake karantawa, sannan ya kira ni gefe.

"Ba za a iya mayar da wankan nan sau ɗaya a rana ba?"

Na ce, "Je ka gaya mata da bakinka."

"Haba, ni? Surukata ce fa."

"Ni kuma 'yarta ce, kashe ni za ta yi."

Haka muka tsaya muna kallon juna, ba wanda ya iya. Ya biya rabi, ya ce wa mutumin ma'alish, wato ya yi haƙuri, ya dawo mako mai zuwa.

Ina kwana ashirin da biyar aka fara ruwan. Alƙahira gari ne da bai san ruwan sama ba, titunansa ba magudana, rufinsa a shimfiɗe kamar faranti. Sai ga ruwa da iska da ƙanƙara har kwana uku, da wani sanyi da tsofaffin unguwar suka ce ba su taɓa gani ba. Tun yinin farko wuta ta ɗauke. Da ta ɗauke, injin da ke turo ruwa sama ya tsaya, famfo ya ƙafe. Malam ne yake sauka hawa shida da jarka ya roƙo ruwa a ƙasa, ya hauro yana haki, hannunsa ya sandare. Gwaggo ta ɗora tukunya a kan ɗan gas ɗin da ya rage mana, aka yi wanka, mu kuma muka ci busasshen burodi da shayi.

Muka tattaru a ɗaki ɗaya, bargo duk da muke da shi yana kan jaririya. Fentin silin ya fara yin ƙuraje, ya kumbura, sannan ya soma ɗiga. Muka ja katifa nan, ya biyo mu, muka ja can, ya biyo mu. Kwanonin kicin duka suka dawo ɗaki suna tarar ruwa. Na tsaya a taga da 'yata a ƙirji ina kallon titi ya zama kogi, wata ƙaramar bas ta mace a tsakiya. Jego ya hana ni fita, ko da bai hana ba ina za ni? Fasfona yana hannun hukuma, jaririyar ma ba ta da nata tukuna. Ban taɓa jin ɗaki ya matse ni irin na kwanakin nan ba.

A gida mun saba, in an ɗauke wuta sai a bar komai a kunne, don da an kawo kada a yi asarar ko minti ɗaya. Abin da Gwaggo ta yi ke nan. Ta cika tukunya da ruwan jarka, ta tsoma hita biyun, ta jona, ta bar su suna jira. Ba wanda ya tuna cewa bangon ya sha ruwa ya ƙoshi. Da hantsin rana ta huɗu aka kawo wuta. Ƙwan ɗaki ya haska, ban gama cewa alhamdulillahi ba muka ji wata ƙara daga banɗaki, sai ƙauri, sai hayaƙi. Wayar wutar ta ƙone a cikin bango tun daga soket har bakin mita, ta bar baƙin layi a fenti. Muna tsaye a ƙofa muna salati, wani ɓangaren silin banɗakin ya ɓallo ya faɗa cikin tukunyar Gwaggo. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki.

Mai gidan ya hauro da kansa. Dattijo ne mai tumbi, da jallabiya da mayafi a wuya, kuma ba mugu ba ne, don matarsa har wani kunun masu jego na Masar ta aiko mini, Gwaggo ta ɗanɗana ta ce wannan ai abin yara ne. Ya leƙa banɗaki ya ga tsumma a taga, ga bango ya yi baƙi da danshi, ga ganye, ga tukunyar da za ta ciyar da gidan biki. Mitar da sunansa take, ya riga ya ga takardar wuta. Ya dubi Malam ya ce, "Ya shaikh, gaya mini gaskiya, abincin sayarwa kuke dafawa a gidana?"

Malam ya yi masa bayanin wankan jego da Larabcinsa na littafi. Mutumin ya buɗe baki.

"Tafasasshe? Sau biyu a rana? Kwana arba'in? Matata shida ta haifa, ban taɓa dafa ta ba!"

Malam ya ce ruwan sama ne ya kayar da silin, don ya hau rufi ya ga tarkacen mai gidan sun toshe hanyar ruwa, ruwa har idon sawu. Mai gidan ya ce tururi ne. Tsakanina da Allah duka biyun gaskiya ne, don tun kafin hadari na ga fentin yana saɓulewa na yi shiru. Amma gidan nasa ne. Ya ce khalas, wato shi ke nan, magana ɗaya: mu gyara waya da sili, hitocin nan kuma su bar masa gida, in ba haka ba ƙarshen wata ba zai sabunta mana takardar haya ba. Ba takardar haya, ba iƙama. Ba iƙama, ba fasfo, ba jarrabawar Malam, ba hanyar komawa gida. Ga jaririya 'yar wata ɗaya, ga sanyi.

Da ya fita Gwaggo ta ce, "Me ya ce?"

Malam ya ce, "Jaje ya yi mana, Gwaggo."

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na ce, "Ba jaje ba ne. Cewa ya yi wankanki zai sa mu kwana a titi." Na zayyana mata komai, har takardar wutar da muka ɓoye mata, da murya irin wadda ban taɓa yi wa babba ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Gwaggo ta miƙe. Ta shiga banɗaki ta tsame duwatsun silin daga tukunyarta ɗaya bayan ɗaya, ta wanke ta, ta kife.

Washegari ta naɗe hita biyun a ɗankwali, ta sauka hawa shida tana dafa bango, ta miƙa wa matar mai gidan. Ba ta jin Larabci, matar ba ta jin Hausa, amma sun fahimci juna. Kwanana ashirin da tara ranar. Daga nan sai buta ɗaya take ɗorawa a gas, ta tsoma tawul ta gasa mini jiki, ta daina ce mini raguwa. Kuɗin tallafin karatun Malam na wata biyu ya tafi wajen mai gyaran wuta da magini, muka rayu a kan wake da burodi. Aka sabunta takardar haya.

Ranar arba'in Inna ta kira. Ina zaune kusa, ina jin muryarta tana tambaya ko an kammala lafiya. Gwaggo ta ce, "An kammala. Ko yini ɗaya ba mu tsallake ba." Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki carbinta ta juya fuska bango. Na daɗe ina jin istigfarinta.

Haihuwata ta biyu a ɗakin Inna na yi ta, bayan mun dawo gida. Gwaggo ta ƙara tsufa, amma ba ta yarda wata ta taɓa ni ba. Ga itace, ga fili, ga ɗanyen ganye. Aka yi arba'in, aka yi kitso da lalle, Malam ya aiko a shirya komawata. Washegari da sassafe sai muka ji Gwaggo tana hura wuta a ƙarƙashin tukunya. Inna ta leƙo tana dariya ta ce, "Yaya, tsufa ya fara ɓata miki lissafi, ai jiya aka cika." Gwaggo ta ce, "Ƙila haka ne," ta ci gaba da tura itace.

Na tashi na ɗaura zani na bi ta. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara, bashin Alƙahira, safe da yamma, gidan duka ana yi mata tsiya tana shanyewa. A rana ta ƙarshe da ta gama, ta yar da ganyen, ta kife tukunyar, ta dafa kafaɗata ta ce, "To, 'yar nan. Yanzu na kammala."