Lungu Mai Faɗin Ƙafa Shida

A Peckham, idan ka ce kana neman Katumi tela, za a iya tambayarka wacce. Amma ka ce Mma Me-ya-sa, har mai sayar da kifi ɗan Jamaika zai nuna maka shagonta da wuƙar hannunsa. Sunan ya bi ta ne tun daga zangon Kumasi, inda aka haife ta. Mahaifinta maigadi ne a tashar jirgin ƙasa, kuma an ce shi ya fara kiranta haka, ranar da ta tsare shi da tambayar me ya sa jirgi ba ya da sitiyari. Bai sani ba, sai ya ba ta kuɗin koko don ta ƙyale shi. Ta sha kokon ta dawo da tambayarta.

Ta zo Landan tana da shekara ashirin da shida, ta bi mijinta Alhaji Abdul-Rahaman, direban bas. Shekara tara ta yi tana sharar ofisoshi a Aldwych, kuma a nan ta koyi karatun Turanci, ba a aji ba, a jikin bango. Garin nan kowane gini da allon ƙarfensa mai faɗin wanda ya gina shi da shekarar da aka yi, ita kuwa ba ta iya wuce rubutu ba ta tsaya ba. Sau nawa bas ta tafi ta bar ta tana haɗa baƙi! Daga baya ta sayi keken ɗinki ta kama shago, ta haifi 'ya ɗaya, Fauzia, wadda ake yi wa magana da Hausa tana amsawa da Turanci. Yanzu Katumi ta haura sittin, tef ɗin awo a wuya, tabarau a kan hanci, tambaya kuwa sai abin da ya ƙaru.

Shagon nata yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, doguwar gada ta jan bulo da ta ratsa unguwar ta raba ta biyu. Ƙasan gadar ƙofofi ne manya masu lanƙwasa a jere, duk girmansu ɗaya, an mayar da su shaguna da garejin makanikai. Guda ɗaya ce ta fita daban, 'yar tsukukuwa, kusa da shagon Katumi. Ba shago ba ce, lungu ne mai ɓullewa ɗaya gefen gadar. A wancan gefen masallacinsu yake, cikin wani tsohon zaure da ya taɓa zama makarantar coci. Shekara ashirin Alhaji yana bin lungun nan sau biyar a rana, ba wanda ya taɓa yi wa lungun kallo na biyu sai matarsa.

Sai Alhaji ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya yi wata huɗu kafin ya miƙe da sanda, likita kuma ya ce maganinsa tafiya. Alhaji ba mutumin yawo ba ne. In ba masallaci ba, ba inda zai sa takalmi ya nufa. Ya fara zuwa azahar da la'asar yana jan ƙafa, jiki na dawowa sannu a hankali, sai wata Litinin aka wayi gari kamfanin da ya sayi shagunan gadar ya sa wa lungun ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Wai ana zubar da shara a ciki. Hanyar da ta rage zagaye ce mai nisa, da gadar ƙafa mai matakala talatin da biyu. Alhaji ya gwada sau ɗaya, ya tsaya a matakala ta biyar, aka dawo da shi gida a mota. Daga ranar ya jingine sandar a bayan ƙofa ya zauna gaban talabijin.

Jama'ar masallaci suka yi ta Allah wadai, aka rubuta wa council, wato hukumar unguwa, aka ce a yi haƙuri, mai abu ya rufe abinsa. Katumi kuwa ta nufi lungun. Ta ciro tef daga wuya ta zura ta cikin ƙarafan ƙofar ta auna lungun: ƙafa shida cif, ba ƙarin inci ko ɗaya. Ta auna bakin shagonta da na makanike, duk ɗaya suke. Ta koma kan keke, amma ɗinki ya ƙi tafiya.

Ranar ne Faridatu ta zo karɓar ɗinkinta. Bakanuwa ce mai aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a Aldwych, ta daɗe da sabawa da Hausar zango wadda ke kiran mace "kai". Katumi ta kama hannunta ta ja ta waje.

"Zo ka gani, 'yata. Ni tela ne. In ka ga riga goma duk yanka ɗaya, guda ɗaya kuma an yi masa ƙaramin aljihu a gefe, ba tela ne ya so wahala ba. Wani ne ya yi oda. Wannan lungu, wa ya yi odan shi?"

Faridatu ta yi dariya, sannan ta daina, domin ta ga tambayar ba ta banza ba ce. Ta ce, "Mma, ai kuwa ana iya ganowa. A zamanin da aka yi gadar nan, babu kamfanin da ya isa ya shimfiɗa dogo sai majalisar dokoki ta yi masa dokarsa shi kaɗai. Sai ya kai taswirar duk gidan da zai taɓa. Wanda bai yarda ba ya kai koke, a kira shi gaban kwamiti ya faɗi ta bakinsa, akawu na rubutawa. Takardun suna nan a ajiye."

"Har yau?"

"Har yau. Turawan nan ba sa yar da takarda."

"To ka yi mana booking," in ji Katumi, ta shiga ta kashe dutsen guga.

Haka Mma Me-ya-sa ta rufe shago ranar Laraba, abin da ko haihuwar jikarta bai sa ta yi ba, suka tafi ɗakin ajiyar tsofaffin takardun majalisa. Aka karɓe jakarta da bironta, aka ba ta fensir. Wani ma'aikaci ya turo littattafai a amalanke, kowanne ya kai turmin atamfa uku kauri, ya ɗora na farko a kan matashi kamar jariri. Abin da ta fara dubawa ɗinkin bayan littafin ne. Ta shafa zaren da yatsa ta gyaɗa kai, ta ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa.

Lungu ta zo nema, amma mai son tambaya an kai shi kasuwar tambayoyi. Ashe a shekarar 1863 manyan mutane masu dogayen huluna sun zauna kwana goma sha ɗaya suna gardama a kan unguwarta. Masu shingen karɓar kuɗin hanya sun zo suna kuka jirgi zai kwashe musu matafiya. Wani mai keken doki ya rantse in aka yi gadar ƙasa da ƙafa goma sha biyar, lodin ciyawarsa ba zai wuce ba, aka ɓata yini guda ana lissafin tsawon ciyawa. Limamin coci ya roƙi a hana jirgi busa usur lokacin ibadar Lahadi. Wani ɗan majalisa ya tambaya, in dogo ya raba unguwar cocin biyu, mutanen wancan ɓangare a ina za a ɗaura musu aure, a ina za a binne su, aka ce wannan sai an yi wata dokar daban. Katumi tana bin rubutun hannun akawu da kan fensir, inda ya murɗe Faridatu ta karanta mata. Kowane shafi sai ta ɗago ta ce, "Me ya sa?" har ma'aikacin ya zo ya roƙe ta ta rage murya. Ta koma Laraba ta biyu, ta koma ta uku. Gaskiya ta ji daɗin abin, daɗin da ya sa wani lokaci kunya ke kama ta idan ta tuna wanda ta bari a gida.

A Laraba ta uku suka iske ta. Martha Pegg, mai wanki da guga, shekara saba'in da ɗaya, mai ciwon ƙugu. Limamin cocin ne ya kawo ta shaida. A taswira, layin gidansu yana daidai inda benen su Katumi yake tsaye yanzu. Lauyan kamfanin jirgi ya ce mata zagayen da za a yi bai wuce na minti goma ba. Ga amsarta kamar yadda akawu ya rubuta:

"Minti goma da ƙafarka, ranka ya daɗe. Ni da tawa, daga ƙofata zuwa ƙofar coci taku ɗari biyu da arba'in ne. Na sani, domin kowace Lahadi ina ƙirgawa. In kuka ƙara mini ɗari, na daina zuwa ke nan."

Akawun bai rubuta ko an yi dariya ba. Amma da Faridatu ta buɗe dokar kanta, a can wajen ƙarshe, tsakanin maganar magudanar ruwa da ta fitilun titi, ga layi uku: kamfani zai bar hanyar ƙafa a ƙarƙashin gada, faɗinta kada ya gaza ƙafa shida, a buɗe ga masu tafiya a kowane lokaci, har abada. Katumi ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. Ta sami mai oda.

Da a nan ta tsaya da ta huta. Amma hali zanen dutse. A hanyar gida ta ce, "To shi Martha ɗin, ya bi lungun?" Faridatu ta ce za ta duba rajistar binne mutane ta cocin. Bayan kwana biyu ta kira ta a waya, muryarta a sanyaye. An binne Martha Pegg a watan Fabrairu na 1865. Gadar kuwa sai ƙarshen wannan shekara aka gama ta.

Wannan labari ya hana Katumi sakat. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai, domin ta ga yadda abin yake tafiya: a ci nasara a takarda, mai ƙafar kuma ya riga ya tafi. An aika wa council da kamfanin kwafin dokar, lauyoyi suka ce suna nazari. Wata ɗaya, wata biyu, wata biyar. Kullum da safe kafin ta buɗe shago sai ta je ta girgiza kwaɗon. Alhaji kuwa yana ta lotsewa cikin kujera, ƙafar da ta fara ɗaukar nauyi ta koma sanyi, ranar Juma'a ma ya daina tambayar babbar rigarsa. Abu ɗaya ke sa shi rage ƙarar talabijin, shi ne idan ta dawo da la'asar ta zauna tana ba shi labarin mai ciyawa da limamin coci da tsohuwar da ta ƙure lauya. Yakan ce, "Sake faɗa min abin da ya gaya wa lauyan." Ta sake. Ƙarshen labarin ne kawai ta riƙe a cikinta.

Wata Alhamis, ba wasiƙa ba sanarwa, wani mutum ya zo da farar mota ya kwance ƙofar ya jefa a baya. Katumi ta fito da almakashi a hannu ta tambaye shi me ya sa. Ya ce shi dai an ba shi takarda. Karo na farko a rayuwarta ta karɓi amsa irin wannan ba ta ƙara tambaya ba.

Washegari ta goge babbar rigar, ta ɗauko sandar daga bayan ƙofa ta share mata ƙura. Alhaji ya daɗe yana kallon sandar kafin ya miƙa hannu. Suka fito, shi a gaba, ita a baya da taku biyu, hannunta a buɗe kusa da bayansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tana jin leɓensa na motsi, ta ɗauka tasbihi ne, ashe ƙirga yake yi. Ya huta sau uku kafin bakin lungu. A tsakiyar lungun ya tsaya ya dafa bulo, jirgi ya wuce ta samansu, ƙura ta zubo masa a hula.

"Ɗari biyu da arba'in ya ƙare tun can baya," in ji shi yana haki. "Tsohuwan nan ya fi ni sauri." Ya ɗan yi dariya, sannan ya juyo. "Katumi, kai da ka san komai, sau nawa ya bi ta nan?"

Ta so ta ce ba ta sani ba. Amma shekara arba'in ba ta taɓa ce masa ba ta bincika abu ba, ba zai yarda ba.

"Ko sau ɗaya, Alhaji. Ya rasu kafin a gama."

Ya kalli hasken da ke ɗaya bakin lungun. Daga can ana jin ladan ya fara gyaran murya. Ya ɗauke hannunsa daga bango, ya gyara riƙon sanda.

"To ashe ba ni kaɗai nake tafiyan nan ba," ya ce. "Riƙe min lissafi, na kai ɗari uku da shida."

Ya ɗaga ƙafar da ta mutu ya ajiye ta gaba. Katumi ta ce, "Da bakwai."