Ƙwallon da Na Ci Gidanmu a Kibiya

Lokacin da muke babbar sakandare a Rano, ina da wani aboki da bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya, amma in ba ya bakin fili wasa ba ya armashi. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, don haka da sanda yake tafiya. Gidansu yana bayan namu a can ƙarshen gari. Tun muna aji ɗaya ni nake ɗauko shi a bayan kekena kullum da safe, in an tashi in mayar da shi gida. Zai zauna ya gicciya sandarsa a kan cinya, bakinsa kuwa ba ya hutawa har mu isa ƙofar makaranta. Akuyar da ta gifta, mai kunun da ke zuba wa yara, malamin lissafi da ya wuce mu a babur, duk sai ya ba da labarinsu da muryar masu sharhin wasa na rediyo.

Aikinsa ke nan a makaranta. Duk yammacin da muke atisaye, sai ya naɗe kwali ya yi lasifika da shi, ya hau kan wani kututturen darbejiya da ke gefen fili, ya kama sharhi. Golanmu wani dogon Bafulatani ne daga Fammar, mai kunya, wanda ba ya son a kalle shi. In ya kama ƙwallo sai ka ji an ce, “Ya tare ta kamar yadda yake tare maraƙi a bakin rafi!” Kyaftin ɗinmu kuwa ƙato ne mai saurin fushi daga Rurum Sabon Gari, shi kaɗai ne mai takalmin ƙwallo na gaske, kuma shi ma bai tsira ba. Har malamin wasanni yakan juya baya yana dariya don kada mu gani.

Ni a baya nake bugawa. Ba ni da gudu, ba ni da yanka, abin da na iya shi ne in sa kai in mayar da ƙwallo inda ta fito. A shekara uku ban taɓa cin ƙwallo ba, kuma ba wanda ya sa ran zan ci.

A zangonmu na ƙarshe aka haɗa mu wasa da wata makaranta a Kibiya. Mun fi wata guda muna shiri. Ranar Asabar da hantsi aka loda mu a bayan a-kori-kura, mu da ’yan kallo, abokina yana zaune a kan tayar safaya da sabon kwalinsa. Filin nasu tsakuwa ce zalla, ga jama’a sun cika shi, har da mutanen Fassi da suka zo a kan kekuna. Mu muka fara ci, kyaftin ya buga wata daga nesa ta shige. Kafin hutun rabin lokaci suka rama. Daga nan wasa ya yi zafi, kowa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Saura ’yan mintoci a tashi suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso sama, na ji golanmu ya ce, “Bar ta!” Na ji shi sarai, amma jikina ya riga ya tashi. Na sa kai da dukkan ƙarfina, ita kuma ta goge ni a ƙeya ta wuce ta saman hannunsa, ta faɗa ragarmu.

’Yan Kibiya suka ɓarke da ihu, ɓangarenmu kuwa ya yi tsit. Na durƙusa a kan tsakuwar nan, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai muryar abokina ta fito ta cikin kwali, a natse, kamar mai karanta labarai:

“Jama’a, albishirinku! Bayan shekara uku, yau mai tsaron bayanmu ya ci ƙwallonsa ta farko. Kai ya iya, tsalle ya iya. Abin da ya rage kawai a samu wani bawan Allah ya nuna masa gabas da yamma.”

Fili ya kwashe da dariya, namu da nasu. Alƙalin wasa ya cire usur daga baki don dariya ta hana shi busawa. Haka aka tashi, biyu da ɗaya. A mota kowa yana maimaita maganar, ni kuwa na haɗa kai da gwiwa har muka iso Rano.

Ranar Litinin na fito da keke, na gan shi tsaye a ƙofar gidansu da jakarsa yana jirana. Na ɗauke kai na wuce. Talata ma haka. Ya riƙa takawa da sandarsa, tafiyar da ke cin kusan awa guda a wurinsa, yana isowa an gama taron safe. Masu kama latti ba sa dukansa, sai su ba shi tsintsiya ya share gaban ofishin malamai. Ta tagar aji nake hango shi, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya da tsintsiya. Raina yana sosuwa, amma da na tuna dariyar Kibiya sai in ƙara ɗaure fuska. Bai kai ƙarata wurin kowa ba. Da yamma kuma bai ƙara zuwa bakin fili ba.

Kwana tara muka yi a haka. Mahaifiyata ce ta gano, domin ta ga wucewarsa ta ƙofar gida da sassafe. Da na dawo ta ajiye mini abinci, ta bari sai da na ci rabi.

“Keken naka ya lalace ne?”

“A’a, Inna.”

“To ƙafar ɗan’uwanka ce ta warke?”

Na ture kwanon abincin gefe. Ta ce, “Ban san abin da ya haɗa ku ba, ba na kuma son ji. In ka gama ka je ka same shi. In ba za ka je ba, ka jingine keken a zaure, gobe ku taka tare.”

Na same shi a ƙofar gidansu yana wanke kayan makaranta. Tafin hannunsa na dama duk ya yi kanta, wani wurin ya fashe saboda riƙon sanda. Na tsaya a kansa ban yi sallama ba.

“Me ya sa ka tozarta ni a gaban mutane?”

Ya matse rigar ya ajiye a bokiti. “Kai kana durƙushe, ba ka ga abin da na gani ba. Kyaftin ya taho ta bayanka da gudu, ya dunƙule hannu. Wasu ’yan ajinmu biyu sun tsallako layi. Da na yi shiru, wallahi a filin nan za su tara maka gajiya, a gaban ’yan Kibiya. Na ga gara a yi maka dariya. Ko shi kyaftin ɗin da ya ji, tsayawa ya yi ya riƙe ciki.”

“To me ya hana ka gaya mini?”

“Yaushe? Kana wuce ni kamar motar asibiti.”

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga kuma hawaye ya cika mini ido. Na tsuguna na karɓi sauran wankin na ƙarasa masa. Ya ce shi ma ya san maganar ta yi yawa, da ya tsaya a kan tsalle da ya isa. Washegari na tsaya a ƙofarsu da keke, ya hau, ba wanda ya sake tayar da zancen. Daga baya na tambayi golanmu, ya ce gaskiya ne, shi ma ya ga tahowar kyaftin, har ya fara matsowa don ya shiga tsakani.

Bayan jarrabawar fita kowa ya kama hanyarsa. Ni na tafi kwalejin horon malamai, yau ina koyarwa a wata firamare. Golanmu ya koma Fammar, yana kiwo yana noma, ’ya’yansa mata biyu suna sakandare. Kyaftin ya je Kano gwajin wata ƙungiya, ya yi wata shida, gwiwa ta hana shi, ya dawo ya kama tuƙin motar haya tsakanin Rano da birni. Fushin nan duk ya tafi, har mutane suna yabon haƙurinsa da fasinja.

Abokina ya so aikin rediyo ƙwarai. Sau biyu yana zuwa birni neman gurbi, yana dawowa hannu rabbana. Na ɗauka abin zai karya shi, kuma ya yi kusan shekara ba ya son magana da kowa. Daga baya wani kawunsa ya saya masa tsohuwar lasifika da batir, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Yanzu shi ke cigiyar yaron da ya ɓata ko tunkiyar da ta tsinke, shi ke sanar da ranar rigakafi da zuwan taki, kuma duk makarantar da za ta yi wasannin shekara a yankinmu shi take nema. Ya yi aure, ’ya’yansa huɗu.

Bara ƙafar tasa mai lafiya ta fara ciwo a ƙugu, likita ya ce sai ya riƙa zuwa asibiti a Kano duk wata. Kyaftin ne ya ɗauki wannan. Ranar da za su tafi yakan hana kowa kujerar gaba, ya biya har gida ya ɗauke shi, ya jira a gama duba shi ko da zai rasa lodin rana. Watan jiya na bi su saboda ina da wani uzuri a birni. Likita ya ce ƙugun ya yi sauƙi, sai bayan wata uku za su koma. A hanyar dawowa muka tsaya muka sayi rake, kyaftin ya fere mana da wuƙarsa, muka sha a gindin wata bishiya kafin mu ƙarasa gida.