Sunan da Habibatu ta faɗa sau ɗaya

Habibatu mai nono ta rasu a daminar bana. Ni ce sakatariyar ƙungiyar matan da ta kafa a bayan unguwar Inkil, don ni kaɗai na yi sakandare a cikinsu, saboda haka ni zan faɗi abin da na sani.

Bafulatana ce. Ta tsufa tana kai nono da man shanu Kasuwar Muda Lawal. Ba ta da fara'a, ba ta kuma sirka nononta da ruwa. 'Yarta ta fari Juwairiyya ce, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Kara ce irin tasu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Waccan" take cewa, ko "ta gidan Muktar" bayan an aurar da ita.

Naƙuda ta zo wa Juwairiyya da gardama. Aka nemi mota aka rasa, aka ɗora ta a babur tsakanin mijinta da wata maƙwabciya. Kafin su hau kwalta rai ya yi halinsa. Habibatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan sadakar arba'in ta zo gidana ta ce, "Malama, ɗauko biro. Keke Napep nake so, na masu naƙuda."

Akwai wata ƙungiya a GRA mai ba da irin wannan tallafi. Na rubuta takardar nema, a wajen manufa na sa abin da Habibatu ta faɗa: kada wata ta sake mutuwa a hanya. Muka kai wa jami'arsu, wata yarinya mai haƙuri, Paulina.

Ta karanta ta ce, "Mama, wannan addu'a ce, kuma na ce amin. Amma masu ba da keken za su tambaya: daga nawa zuwa nawa, cikin wane lokaci? Abin da ba a iya aunawa ba sa sa masa hannu. Mata nawa kuka rasa a shekara biyun nan?"

"Bakwai."

"To, sai mu ce a rage daga bakwai zuwa uku."

Habibatu ta dube ta. "Su wa ne ukun?"

"Lissafi ne kawai, Mama."

"'Yar nan, duk mai ciki a unguwarmu na san ta, na san uwarta. Zaɓo min ukun in je in gaya musu su shirya."

Ta ɗauki ƙwaryarta za ta fita. Na riƙe mata zani na ce ta zauna, ba da ita kaɗai za a yi asarar keken ba. Paulina ta juya biro ta ce, "To mu bar matattu, mu ƙirga masu rai. Mata nawa keke zai kai asibiti a shekara?"

Muka lissafa gida-gida, muka tsaya a arba'in. Na rubuta: a kai mata arba'in masu naƙuda asibiti cikin shekara ɗaya, ungozomar asibiti ta shaida kowace. Habibatu ta ce a sa in sha Allahu. Paulina ta ce babu gurbinsa. Na matse shi a gefe.

Saura abu ɗaya. Dole a rubuta sunayen bakwai ɗin da suka rasu, don za a zo a tabbatar. Habibatu ta jero su, kowace da sunan mijinta. Ta kai shida ta tsaya.

"Mama, bakwai kuka ce."

Paulina ba ta san ta bakwai ɗin 'yar Habibatu ce ba. Na buɗe baki zan faɗa, Habibatu ta ɗaga min hannu. Ta ce ita ta zo neman keke, ba ni ba. Ta dubi bango ta ce, "Juwairiyya." A hankali ya fito, kamar mai koyon sabon harshe. Paulina ta tambayi yadda ake rubuta shi. Ni na amsa wannan.

Keken ya zo. Mata suka ce a rubuta sunan Juwairiyya a bayansa. Habibatu ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, ya isa." Aka bar bayan keken ba rubutu.

Kafin shekara ta cika keken ya kai mata talatin da shida asibiti. Paulina ta ce ba laifi, an kusa. Da numfashin Habibatu ya sarƙe, shi ya kai ta asibiti, shi kuma ya dawo da ita a naɗe. Ban sa ta a rahoto ba. Manufar ta ce masu naƙuda.

Allah ya jiƙan uwa da 'ya.