Wuyan Keken Mai Ƙwai

A bakin rumfar mai gyaran keke wani dattijo yana tsugune, ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba kada sarƙa ta ci. Kiret biyar na ƙwai suna ajiye a gefensa. Da ganin kantar tafin hannunsa ka san shi da keken nan sun daɗe tare. Wataƙila a kansa ya yi ta kai 'ya'yansa makaranta, ga shi yau babu ko ɗaya a kusa.

"Wuyan ne ke rawa," yake gaya wa mai gyara. "Jiya ƙwai tara na fasa."

Mai gyara ya kwance wuyan, boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, suka zubo duk sun cinye. "Baba, ƙarfen ne kansa ya buɗe, noti ba zai kama ba." Duk da haka ya yanko gwangwani ya cusa a ramin, ya shafa giris, ya ɗaure tamau. Ya matse birki ya jijjiga keken gaba da baya. Ko motsi babu.

Dattijon ya ɗora ƙwansa, ya kama kan keken. Nan take kiret suka soma karkarwa.

"Ka gani ko? Har yanzu yana yi."

Mai gyara ba wuyan keken yake kallo ba, hannuwan dattijon yake kallo, su ne ke rawa. Dattijon ya bi idonsa ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Ƙara ɗaure shi dai, ɗana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.