Ranar da Na Ce Baffa Ya Makara

Ranar Litinin ce, saura kwana uku Babbar Sallah, Sallar layya ta farko tun da aka ba mu jihar Nasarawa. Ina tsakar gidanmu a Angwan Iya ina surfen gero, zufa na bin bayana, sai mai shagon ƙofar gida ya yi sallama ya miƙo wata takarda a ninke, ya ce wani direban tifa ne ya ajiye ta da safe daga Abuja, ko sauka daga mota bai yi ba. 'Yar ƙarama ce, an yago ta daga littafin rubutu, gefenta duk siminti. Kaka ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ina Baturiyar gidan? Zo ki nuna mana bokon." Na jingine taɓarya, na goge hannu a zane, na taho ina taƙama kamar wadda za a naɗa wa sarauta.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin, ina aji shida, kuma ni kaɗai nake karatun boko a gidan. Baba ya sauke Alƙur'ani, ajami kuwa ko idonsa a rufe, amma da an kawo takardar Turanci sai a nemo ni. A garin makafi mai ido ɗaya ne sarki, ni kuwa na ci sarautata ba kunya. Abin da ya ƙara hura mini kai shi ne darasin Malam Yakubu, wani dogon Bamade, ɗan ƙabilar Mada, mai Hausa a karkace, wanda duk Juma'a yake cika mana allo da maganganun hikima na Turawa. Na cika littafi guda da su. In hadari ya haɗo sai in sanar da gida cewa yau karnuka da kyanwoyi za a zubo daga sama, Kaka ta ce Allah ya sawwaƙe wa masu irin wannan damina. Na san cewa in Bature ya shuri bokiti, to, ya mutu ke nan, har nakan tsorata ƙannena da ita a bakin rijiya in sun yi tuntuɓe da guga. Kalmar da na fi sani kuwa ba a littafi na koye ta ba, a ƙofar makaranta na koye ta. Duk safiyar da ɗiban ruwa ya riƙe ni, sai in tarar da monita tsaye da tsumagiya yana daka tsawa, "You are late!" Daga nan sai durƙuso a kan tsakuwa, sai nome ciyawar filin ƙwallo har hantsi. Gwiwoyina ma sun san ma'anar wannan kalma.

Baffa Sani ƙanin Baba ne, autan Kaka, magini. A shekarun nan Abuja ta zame wa samarin Keffi kamar rijiya a lokacin rani, kowa can ya nufa da cebur ko cokalin gini. Baffa yakan yi mako uku ko huɗu bai zo ba, in ya tashi zuwa kuma tun daga zaure za a ji fito da ƙamshin burodi. Halinsa ɗaya da kowa ya sani, ba ya zuwa kan lokaci. In ya ce da hantsi, a jira shi da la'asar. Ranar ɗaurin aurensa ma sai da liman ya zauna jiransa, yana can wurin wanzami.

Na buɗe takardar. Shugaban aikinsu ne ya rubuto, layi biyu kacal, har yau ina ganinsu: "I am sorry to tell you that Sani is late. Please send somebody to the site." Ban ko tsaya na sake karantawa ba, don ba kalma ɗaya da ta fi ƙarfina. Na gyara murya na ce, "Ya ce a yi haƙuri, Baffa Sani ya makara. A tura wani wurin aikinsu." Kaka ta kwashe da dariya har da tafa hannu. "Yo wannan ma har sai an ɓata takarda? Yaushe Sani ya taɓa zuwa da wuri?" Matarsa Rabi, wadda muke kira Anti, ta sunkuyar da kai tana murmushi a bakin murhu. Aka yi shawara cewa kayan Sallah ne suka yi masa yawa yake neman mai taya shi ɗauka. Baba yana ƙauyen Gitata wurin abokansa Fulani, ya je zaɓo rago, sai Laraba zai dawo. Kaka ta ce in ya dawo ya tura wani, ba gaggawa. Ni da hannuna na ninke takardar na soke ta a bayan madubi, na koma kan surfena.

Talata ta zo mana da hidima. Aka share gida har bayan rumbu, aka soya cincin, Kaka ta tare 'yar Fulani mai nono ta sa aka ware mata kindirmo a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai ta ce ko ƙuda ya taɓa ta sai ta ji dalili, ta autanta ce. Anti Rabi ta yi kitso, ta kwaɓa lalle, ni na ɗaure mata hannuwa da ƙafafu da ganye da tsumma, ina tsokanarta cewa Baffa zai ɗauka sabuwar amarya aka yi masa. Da la'asar da ta kwance, lallen ya kama jajir, irin kamun da mata ke cewa na mai sa'a ne. Muka fita dandali muka yi gaɗa da 'yar carafke har aka kira magariba.

Ranar Laraba da azahar Baba ya shigo da rago, bai ma gama ɗaure shi a gindin mangwaro ba aka yi sallama. Mutum biyu ne, tufafinsu fari fat da siminti, ɗaya na riƙe da jakar Baffa, ɗaya da cokalin gininsa. Ina ganin cokalin nan a hannun wani na san ba lafiya ba, don Baffa ko Baba ba ya bari ya taɓa shi. Babbansu ya durƙusa ya ce ranar Litinin da sassafe katako ya karye da Sani daga hawa na uku, ko shurawa bai yi ba. Sun jira dangi har azahar ɗin Talata, da ba su ga kowa ba suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka kai shi makwancinsa a can. Sannan ya ɗago kai ya tambaya, "Takarda ba ta iso ba ne?"

Idanun gidan gaba ɗaya suka juyo kaina. Na buɗe baki in ce ai makara aka rubuta, sai Anti Rabi ta miƙe tsaye, ta ɗaga tafin hannuwanta tana kallonsu kamar ba nata ba, sai ta fara goga su a jikin bango, tana gogawa har fatar ta saɓule. Kaka ba ta yi kuka ba a lokacin, zama ta yi daɓas a ƙasa tana maimaita Innalillahi, ƙwaryar kindirmo na gefenta a rufe. Baba bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya zaro takardar daga bayan madubi, ya kama hannuna muka nufi gidan Malam Yakubu. Malam ya karanta, ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Wayyo, ni ne. Na koya musu bokiti, ban koya musu wannan ba." A nan na fara jin cewa kalmar da ake dukanmu a kanta kullum ita ce ake faɗa wa wanda ya rasu. Keffi da Abuja tafiyar sa'a guda ce. Da na karanta daidai, da an aika Gitata an kira Baba, da shi ne ya wanke ƙaninsa, da a garinmu aka binne shi inda uwarsa za ta san wurin.

Ragon nan an yanka shi, amma ban tuna wanda ya ci ba. Anti Rabi ta shiga takaba da jan lalle a hannu, masu zuwa ta'aziyya suna kallo suna kau da kai. Lallen fata ya goge cikin makonni, na farce kuwa sai da ya bi tsiron farcen a hankali, ni kuma kullum in na kai mata abinci can idona yake. Na daina Turanci a gida, littafin nan na cusa shi ƙarƙashin katifa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni a wuyan gidanmu duka na rataya nawa.

Kaka ce ta kwance ni. Wata safiya tana tsince shinkafa ta kira ni da sunan da ta daina kira na da shi, ta ce in zauna. "Baturiya, wai da gaske su cewa suke yi ya makara?" Na ce e, hawaye na zuba. Ta girgiza kai ta ce, "To, su suka yi kuskure, ba ke ba. Mu cewa muke yi ya riga mu. Sau ɗaya a rayuwarsa Sani ya riga kowa zuwa, shi ma za a ce ya makara?" Daga nan ne ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Laraba, na kifa kaina a cinyarta muka yi tare.

Yanzu Keffi ta cika ta batse, ma'aikatan Abuja da ɗalibai sun mamaye har gonakin da muke roron gyaɗa, labarin rasuwa kuwa kafin a rufe wa mamaci ido ya shiga wayar kowa. Wurin da aka binne Baffa an ce gidaje sun kewaye shi, Baba ya je nema sau biyu bai gane ba. Ni yanzu nake koyar da Turanci a aji shida, kuma duk shekara kafin karnuka da kyanwoyi, kalmar nan nake fara rubutawa a allo. Yara suna dariya, suna cewa wa bai san ta ba. Nakan bar su su gama dariyar, sannan in ba su labarin Baffa Sani, wanda ya riga mu.